Ni ce na tura mata saƙon

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da wasiƙar ta ɗan yi tsawo. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, sai na ga shirun da nake yi ba zai amfani kowa ba. Ni malamar makaranta ce a Funtuwa, shekarata 19 ina koyar da 'yan mata. Na faɗi aikina ne don kada mai karatu ya ɗauka abin da zan ba da labari sai wanda bai je makaranta ba yake faɗa wa. Ni da ke tsayawa gaban allo kullum ina cewa a yi bincike kafin a yarda, ni ce na kusa zama ajalin ƙanwata da ɗan yatsa ɗaya.

Ƙanwar tawa ita ce autar ɗakinmu, Auta muke ce mata. Ta haifi ɗanta na huɗu cikin daminar bara, tana da shekara 29. Haihuwa ta zo da sauƙi, aka yi suna, aka watse. Ta taho gida wanka kamar yadda aka saba. Innarmu na dafa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a fyaɗa mata da ganyen darbejiya, a dama kunun kanwa ta sha ta ƙoshi. Ana saura 'yan kwanaki arba'in muka lura ƙafafunta sun kumbura, ko silifas ba ya shiga. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wuta. Daga nan sai tari, wanda ya fi tasowa da dare. Sai haki: daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. Wani dare da na kwana a gidan, na farka na same ta zaune a bakin gado, ta tara filo uku a bayanta, jaririn na barci a gefe. Na ce lafiya? Ta ce, "Yaya, in na kwanta ji nake kamar an danna kaina a cikin ruwa."

Washegari muka kai ta asibiti, daga can aka tura mu wurin likitan zuciya. Ya shafa mata wani mai a ƙirji, ya ɗora kan na'ura, sai ga zuciyarta a allon kwamfuta tana motsi. Ban taɓa ganin zuciyar mutum mai rai ba sai ranar. Ko ni da ban san komai a aikin ba na ga ba matsa take yi ba, lilo kawai take. Ya yi mana bayani cewa zuciya mai lafiya, duk bugu ɗaya, tana tunkuɗa fiye da rabin jinin da ke cikinta, kamar kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. Ta Auta kashi 30 take iya fitarwa. Sauran jinin yana komawa baya ya taru, ruwa ya tsattsafo cikin huhu da ƙafafu. Shi ne hakin, shi ne kumburin, shi ne kasa kwanciya.

Ya ce wannan ciwo na masu jego ba baƙo ba ne a ƙasarmu, hasali ma yankinmu na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa daga asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma a lokacin sun fi zargin ruwan zafi da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Wani bincike a Sakkwato ya samu mace ɗaya a cikin haihuwa kusan ɗari. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake bin sawun abin, suka ga akwai wasu dalilai masu ƙarfi: hawan jinin masu ciki, rashin isasshen abinci mai gina jiki, da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jikin matanmu. Na riƙe wannan magana domin ta nuna mini wani abu game da mutanen nan: suna faɗin abin da suka gani, su koma su sake gwadawa, in ya canza su faɗa. Amma dai ya ce wadda ciwon ya riga ya kama, kanwa ta haramta gare ta, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Inna ba ta ji daɗin maganar ba, sai dai ta kife tukunyar.

Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi huɗu. Lasix, wanda kowa ya sani da maganin fitsari, don ya kwashe ruwan. Sifironolakton da enalafiril da kabedilol, su kuma don su sauƙaƙa wa zuciyar aiki har ta samu ta farfaɗo. Ya ce ya zaɓe su ne da sanin tana shayarwa. Ya kayyade mata ruwan sha, kada ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, har da koko da miya. A rage gishiri da dunƙulen miya. Duk zuwa sai an ɗebi jininta an auna. Cikin wata huɗu kumburi ya sace, ta koma ɗakinta, tana girki, tana goya yaronta. Aka sake hoton zuciya, lamba ta tashi zuwa 42. Likitan da kansa ya ce alhamdulillah, in aka ci gaba a haka akwai kyakkyawan fata ta koma daidai.

To, Edita, a nan ne gajiya ta shigo. Wanda bai taɓa jinyar ciwo mai daɗewa ba ba zai gane ta ba. Mijinta ƙaramin ɗan kasuwa ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na magani suka koma. Duk wata sai kuɗin ƙwaya, kuɗin awon jini, kuɗin mota zuwa da dawowa. Ita kuma maganin fitsarin ya hana ta zuwa biki ko gaisuwa cikin natsuwa, kabedilol yana sa mata kasala. Ga masu zuwa dubiya, kowa da tasa: "Yarinya ƙarama da ke a ce kullum ƙwaya har yaushe?" Ta kan ce mini, "Yaya, ni fa na warke, me ya sa ba za a sallame ni ba?"

Ana cikin haka saƙon ya faɗo a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Saƙon murya ne, minti bakwai. Namiji ne, muryarsa a natse, Hausarsa tsaf. Ya fara da bisimilla da salati, ya ce shi masani ne a fannin lafiya, bai faɗi inda ya yi karatu ba, bai faɗi asibitin da yake aiki ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Ya ce magungunan zuciya da na hawan jini da ake bayarwa a asibiti suna kashe ƙoda a hankali, shi ya sa masu wankin ƙoda suka yi yawa. Ya ce Turawa ba sa son a warke don kasuwarsu. Ya ce ciwon zuciya datti ne da ya toshe jijiyoyi, kuma ruwa ke wanke datti: a sha ruwan ɗumi lita uku a yini, kofi huɗu da asuba kafin a ci komai, da lemun tsami da tafarnuwa da citta, a yawaita ayaba, a bar ƙwaya a hankali cikin mako guda. Ya rufe da cewa duk wanda ya tura wa mutum goma, sadaka ce mai gudana.

Bayan sallar isha'i na tura mata. Na rubuta a ƙasa, "Auta, saurari wannan, ko Allah zai sa a dace." Kalmomin suna nan a wayata har yau, ban goge su ba.

Da wani ne ya tura mata, da wataƙila ta yi shakka. Amma Yaya ce, Yaya malama, wadda ta raka ta asibiti tun ranar farko. Ta bar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaya wa mijinta ba, ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Abin da ya fi yaudarar mu shi ne makonni biyun farko. Kasalar nan ta tafi, yawan fitsari ya tsaya, ta kira ni da murna tana cewa ta ji ƙarfi a jikinta. Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin shaida, na sake tura saƙon zuwa wasu zauruka biyu, har na ƙara da cewa ƙanwata ta gwada ta ga amfani. Ashe a cikin kwanakin nan ruwa ne ke taruwa a hankali, kamar rufin ɗaki na ƙasa da ke shan ruwan sama shiru kafin ya rufto.

A dare na 19 da fara bin saƙon, wajen ƙarfe biyu, mijinta ya kira ni yana kuka. Na same ta zaune a tsakar gida, ta dafe gwiwoyi, gumi ya jiƙe ta sharkaf, numfashinta na ƙara kamar ana tafasa ruwa, kumfa na fitowa a bakinta. Ba ta iya haɗa kalma biyu. Wani maƙwabci, Allah Ya saka masa da alheri, ya fito da motarsa. Duk tsawon hanyar ina riƙe da ita a zaune, domin da an kwantar da ita sai idonta ya juye. Aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar Lasix a jijiya, ma'aikatan jinya suna ta kai da kawo har gari ya waye. Kwana tara muka yi a gadon asibiti. Da aka sake hoton zuciya, lambar nan da muka yi wata huɗu muna tarawa har 42 ta faɗo 25, ƙasa da inda muka fara.

Likitan ya tambaye ta me ya faru. Ta sunkuyar da kai, ba ta son ta ambace ni. Sai na ce, "Likita, laifina ne," na kunna masa saƙon. Na zaci zai katse shi ko ya yi mini faɗa. Ya saurara har ƙarshe, minti bakwai cur, ga marasa lafiya na jira. Sannan ya ce, "Malama, mutumin nan ya taɓa ɗora abin awo a ƙirjinta? Ya san nauyinta? Ya ga awon jininta na watan jiya?" Na ce a'a. Ya ce, "To da wa yake magana?"

Wannan tambaya ita ce dalilin wasiƙata. Da wa yake magana? Domin da na zauna na yi nazari, sai na ga ba duk abin da mutumin ya faɗa ne ƙarya ba, kuma a nan haɗarin yake. Ƙarya tsagwaronta tana da sauƙin ganewa. Abin da ke kisa shi ne maganar da gaskiya ce ga wani, amma guba ce gare ka.

Shan ruwa da yawa shawara ce mai kyau ga mai lafiya a zafin Afrilu. Ga wadda zuciyarta ta kasa tura jinin da ke jikinta, lita uku a yini daidai yake da ƙara wa jaki kaya bayan ya durƙusa. Ayaba abinci ne mai kyau, amma tana da sinadarin fotasiyam, kuma biyu daga cikin ƙwayoyin Auta suna riƙe wannan sinadari a jini. In ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Akwai ma wani gishiri da ake talla a intanet wai na masu hawan jini, wanda aka maye wani ɓangarensa da fotasiyam ɗin. Yana amfanar wasu, amma likitan ya ce kada ya shiga tukunyarta. Hatta maganar ƙoda akwai ƙwayar gaskiya a ciki: waɗannan magunguna suna iya taɓa aikin ƙoda a jikin wasu mutane. Sai dai likitan ya san haka tun kafin mai saƙon ya buɗe baki, shi ne ma dalilin ɗibar jinin da muke ƙorafin kuɗinsa duk wata. Kuma ya ce abin da ya fi kai mutanenmu ga na'urar wankin ƙoda shi ne hawan jini da ciwon suga da aka bari ba magani, ba maganinsu ba. Shi kuwa kabedilol, da ire-irensa, ba a yanke shi lokaci guda, domin zuciyar da ta saba da shi tana iya zabura ta rikice.

A kwana taran nan na ƙara gani da idona. Gadon da ke kusa da namu wata yarinya ce budurwa, ita ma "ciwon zuciya" ake ce wa nata, amma nata ƙofar zuciya ce ta lalace tun daga ciwon maƙogwaro na yarinta. Tana shan wafarin, maganin tsinka jini, kuma an ce mata kada ta riƙa yawaita zogale da alayyafo yau ta bari gobe, domin ganye yana rage ƙarfin maganin. Ta tsaya a kan gwargwado ɗaya. Zogalen da kowane bidiyo ke yabo. Can gefe kuma wata dattijuwa ce da 'ya'yanta suka ji a TikTok cewa duk mai ciwon zuciya ya sha asfirin kullum, ita kuwa tana da gyambon ciki, aka kawo ta tana aman jini. Wata kuma ciwon gwiwa ya sa take sayen diklofenak a kemis, ba ta san yana riƙe ruwa a jiki yana tayar da ciwon zuciyarta ba. Mata huɗu a jere, suna ɗaya ake kiran ciwonsu da shi a gida, amma abin da zai tashi wannan shi zai kwantar da waccan. Ta yaya murya ɗaya ta minti bakwai za ta yi wa dukkansu magani? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Likita ya gani. Ya ga zuciyar a allo, ya taɓa ƙafar ya ga yatsansa ya lotsa, ya saurari huhun. Mai saƙo ko sunanta bai ji ba.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne mun taɓa shan irin wannan. Wa ya manta daren gishiri a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola? Waya ta yi ta ƙara tun kafin asuba, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Gari ya waye an kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu, kuma masu hawan jini ne suka fi jin jiki. A 2020 ma, da korona ta zo, aka ruga sayen kulorokwin har aka samu waɗanda ya yi wa illa a Legas. Kowane karo da kyakkyawar niyya ake turawa. Uwa ce ke tura wa ɗanta, aboki ga abokinsa, yaya ga ƙanwarta. Ba maƙiyi ke kawo mana waɗannan saƙonni ba, shi ya sa ba ma tsayar da su a bakin ƙofa mu tambaye su daga ina. Yanzu kuma abin ya ƙara gaba: ana haɗa bidiyo da kwamfuta, a ɗauki fuskar sanannen likita ko mai karanta labarai, a sa masa maganar da bai taɓa yi ba, yana tallan maganin hawan jini "na har abada". Duk wanda ya ce maka zai raba ka da hawan jini cikin kwana bakwai, ga lambar waya, ga lambar asusu, to aljihunka yake dubawa.

Na san za a ce mini, ai akwai magungunan Musulunci, akwai habbatus sauda da zuma da zaitun. Ni ma na yi imani da abin da ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Auta tana shan zumarta da sanin likita. Amma wani malaminmu na Islamiyya ya tuna mini da wata ruwaya a Abu Dawuda, ko da yake ya ce malamai sun yi magana a kan ƙarfin isnadinta: Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi ya je duba shi, ya ɗora hannunsa a ƙirjinsa, ya ce masa ciwon zuciya gare shi, ya je wurin Harisu ɗan Kalada na ƙabilar Saƙif, domin shi mutum ne mai aikin likitanci. Tun da na ji wannan nake tunaninsa. An tura mai ciwon zuciya wurin mutum sananne, mai suna, mai gari, wanda aka san shi da sana'ar. Malamin ya ƙara da cewa a shari'a, wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, in ya yi ɓarna to alhakin na wuyansa. Na tambaye shi, wanda ya tura fa? Ya ce in yi istigfari, in gyara abin da zan iya gyarawa. Bisimilla a farkon saƙo ba ta mayar da mai maganar likita, kuma "sadaka mai gudana" da aka liƙa a ƙarshe ƙugiya ce da ake kama masu tsoron Allah da ita.

Ba ina cewa a jefar da waya ba ne. A cikinta na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 suka mutu da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe irin namu, kuma ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan ilimi ne, yana da mai shi, ana iya bin sawunsa. Akwai kuma likitocinmu na gaskiya da ke bayani da Hausa a rediyo da Facebook, kuma alamar da na gane su da ita ita ce ba sa ce maka ka bar maganinka, kullum ƙarshen maganarsu ka je a duba ka. Abin da na koya shi ne duk abin da na gani a waya tambaya ce zan kai wa likita, ba amsa ba ce da zan kai wa mara lafiya. Kuma yarda da likita ba ta hana tambaya. In hankalinka bai kwanta da likitanka ba, nemi wani likitan, ka tafi da katinka da hotunanka da ledar magungunanka, shi ma ya duba ka da hannunsa. Likita ake canzawa da likita.

Sai dai, Edita, zan yi rashin adalci in na tsaya a kan marasa lafiya kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum ya baro gida tun asuba, ya biya kuɗin mota, ya zauna a benci har azahar, in ya shiga a ba shi minti uku, a yi rubutu a takarda da Turanci, a ce ya dawo bayan wata guda. Ba a gaya masa sunan ciwonsa ba, ba a ce masa wannan ƙwayar za ta sa ka tari ko kasala, in ka ji haka ka dawo a canza maka ba. Ya koma gida da tsoro da tambayoyi, da dare kuma ga wani a waya yana masa bayani da harshen uwarsa, a natse, har minti bakwai. Wa zai fi shiga ransa? Na san likitocinmu sun yi kaɗan, da yawa sun tafi ƙasashen waje, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa. Amma ina roƙonsu don Allah, jimla biyu da Hausa tana iya ceton rai: "Wannan maganin ba a barinsa ko kin ji sauƙi. In kin ji wani abu a waya, kawo mini mu saurara tare." Mu namu likitan ya faɗa mana ta farko, mu ne muka yi sakaci. Amma da yawa ko ita ba su samu ba.

Hukumomi ma da nasu. Mutane suna ganin lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya su ɗauka gwamnati ta shaida yana warkarwa, alhali irin wannan rajista tana nufin an duba ba a ga cutarwa a shansa ba ne, ba shaida ce ta cewa yana maganin abin da mai shi ke faɗa ba. Wannan bambanci ya kamata a riƙa faɗarsa a rediyo safe da yamma. Gidajen rediyon da ke sayar da fili ga mai maganin da ke lissafa cuta ashirin a kwalba ɗaya, har da ciwon zuciya, su ma su ji tsoron Allah. Sannan a sa magungunan zuciya da na hawan jini cikin tsarin taimakekeniyar lafiya ta yadda talaka zai same su, domin na tabbata da kuɗin maganin bai yi wa gidan Auta nauyi ba, da saƙon bai samu wurin zama ba.

Akwai magana ɗaya da ta rage, ta mazaje da surukai. Likita ya zaunar da Auta da mijinta ya ce musu muddin zuciyarta ba ta koma daidai ba, wani cikin zai iya tafiya da ranta, don haka a ɗauki matakin tazara, kuma shi zai faɗi irin wanda ya dace da ita, domin ba kowanne ne ya dace da mai ciwon zuciya ba. Ba a yi wata guda ba aka fara turo wa mijin bidiyoyi daga dangi, masu cewa likitoci ne kawai ke tsorata mutane don a rage haihuwa. Na ga yadda abin ya dame shi. Amma shi ne ya ɗauke ta a hannu a daren nan, shi ya ji ƙarar numfashinta. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Hajiya, 'ya'ya huɗu da uwarsu sun fi mini biyar babu ita." Allah Ya yi masa albarka. Ina kira ga mazajen da ke da mai jego a gida: in kun ga kumburin ƙafa, da haki, da tarin dare, da kasa kwanciya sai a zaune, ba sanyi ba ne da za a ƙara wa ruwa wuta, kuma ba abin tambaya a zauren WhatsApp ba ne. A nemi mota.

Na koma zauruka ukun nan na rubuta abin da ya faru, na roƙi duk wanda ya karɓi saƙon daga hannuna ya yafe mini, ya kuma bi waɗanda ya tura wa. Mutum biyu ne suka amsa. Ɗaya ta kira ni a ruɗe, ta ce mahaifinta ya yi kwana goma da ajiye maganin hawan jininsa saboda shi, kuma shaidar da na bayar ce ta sa suka yarda. Washegari suka kai shi aka auna, jininsa ya haura 190. An mayar da shi kan magani.

Auta tana nan da rai, alhamdulillah. Mun saya mata sikeli, kowace safiya bayan ta fito daga banɗaki sai ta hau ta rubuta nauyinta a littafi, domin likita ya ce in ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne, a zo ba sai ranar ta cika ba. Tana da gora ɗaya da aka yi wa alama, ruwanta na yini ke nan. Hoton da aka yi watan jiya ya nuna 33. Ba ta iya goyo har yanzu, babbar 'yarta ce ke ɗaukar mata yaron. Ranar Talata mai zuwa za mu koma, kuma a bayan littafin nauyin ta rubuta tambayoyi uku da za ta yi masa. Ta farko a kan zoɓo ce, don wata maƙwabciyarta ta turo mata bidiyo cewa yana saukar da jini. Ta biyu, ko za ta iya azumi bana. Ta ukun ba ta bari na gani ba.

Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a. Na gode, Edita, da wannan fili.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina.